Hunturu da sanyi: Abin da ke sa ƙofar mota cijewa

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar watan Maris, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, cijewar ƙofa na daga cikin matsalolin da masu motoci ke fama da su, musamman da sanyin asuba.

Wani lokaci makulli ne zai ƙi shiga raminsa, ko ya shiga ya ƙi juyawa. Wani lokaci kuma ƙofar za ta buɗu lafiya lau, amma idan aka tura ta sai ta dawo, ta ƙi kamawa.

Da yawa na ɗaukar lamarin a matsayin ƙaramin abu. To sai dai ƙofar da ba ta kama sosai ba tana iya wangalewa mota na cikin gudu, wadda ta cije kuma tana iya hana fasinja fita idan an yi haɗari ko gobara ta tashi.

A ƙasashen Turai da arewacin Amurka ƙanƙara ce ke haddasa wannan matsala. A ƙasar Hausa kuwa ƙura ce da daskararren giris. Alamomin sun yi kama da juna, amma maganin kowace daban yake.

Yankin da abin ya fi shafa

Ƙauyukan da ke arewacin jihar Kano, a ƙananan hukumomi irin su Dambatta da Makoɗa da Bichi da Ghari da Tsanyawa da Ɓagwai da Minjibir da Dawakin Tofa, na cikin yankunan karkara mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma.

Masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan yanki da ke kewaye da birnin Kano tun a shekarun 1960. Ya nuna yadda gona ke manne da gona, ana noma kowane fili duk shekara ba hutu, taki ne ke riƙe da ƙasar.

Bayan kaka, idan an girbe gero da dawa da gyaɗa da wake, aka kuma kwashe karan, filayen kan zama fetal. Babu abin da zai tare iska, hanyoyin shiga ƙauyuka kuma akasarinsu na burji ne ko turɓaya.

A daidai wannan lokaci ne zirga-zirga ke ƙaruwa. Motocin akori-kura da bas-bas na jigilar amfanin gona zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau, wasu na kai dabbobi kasuwar Dambatta, wasu na ɗauko kayan lambu daga wuraren noman rani na madatsun ruwan Watari da Thomas. Ga kuma ƙaiƙayin sussuka da shiƙa da iska ke ɗauka, wanda shi ma yake samun hanyar shiga cikin ƙofofin mota.

Daga ina ƙurar ke zuwa?

Wani babban kaso na hazon hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wanda a dā ƙasan wani katafaren tafki ne da ya ƙafe. Iskar da ke ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ita ce ke kwasar ƙurar ta nufo kudu maso yamma da ita.

Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2006 ya ƙiyasta cewa a lokacin sanyi kwarin na tayar da ƙura kimanin tan dubu 700 a ranar da iskar ta yi ƙarfi.

Ƙurar tana da laushi kamar gari, saboda haka babu kafar da ba ta shiga. Amma a cikinta akwai irin ma'adinin da ke cikin yashi, wanda ya fi ƙarfen makulli tauri. Idan ta haɗu da mai ko giris sai ta zama wani kwaɓi da ke cin ƙarfe a hankali, kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke yi.

A Kano, a watannin Disamba da Janairu, sanyin dare kan sauka zuwa tsakanin digiri 10 da 14 a ma'aunin Celsius, wasu dararen ma ƙasa da haka, da rana kuma zafi ya haura zuwa kusan digiri 30. Ruwa ba ya daskarewa a wannan mataki, domin sai an kai digiri sifiri yake zama ƙanƙara. Amma wannan jaurar ta isa ta sa tsohon giris da ya sha ƙura ya yi tauri.

Wannan ne ya sa ƙofar da ta ƙi buɗuwa bayan sallar Asuba kan buɗu da kanta da hantsi, idan rana ta ɗumama jikin motar. Bushewar iska kuma na sa robobin ƙofa su ƙeƙashe su tsattsage, ƙura ta ƙara samun mashiga.

Yadda ƙofar mota ke aiki

Kafin a taɓa ƙofa ya kamata a san sassanta, domin ba kowace cijewa ba ce laifin makulli.

Da farko akwai ramin makulli, wanda a cikinsa aka jera wasu ƙananan faifan ƙarfe, kowanne da ɗan siririn sifirin a bayansa. Idan makullin da ya dace ya shiga sai su daidaita, ramin ya juya. Ɗaya daga cikinsu ya maƙale, to makulli ba zai juya ba.

Na biyu akwai sakatar da ke gefen ƙofa, wadda makanikai ke kira lok. Tana da wani ƙarfe mai baki kamar ƙugiya da ke juyawa ya cafki sandar ƙarfen da aka ɗaure a ginshiƙin mota, da kuma wani ɗan harshe da ke tokare ƙugiyar don kada ta saki.

Na uku akwai hannun ƙofa na ciki da na waje. Kowanne an haɗa shi da sakatar ta hanyar siririyar sandar ƙarfe ko waya, waɗanda ƙananan maƙalai na roba ke riƙewa.

Sauran su ne hinjin da ƙofar ke rataye a kansu, da robar da ta kewaye bakinta, sai kuma ɗan injin lantarki da ke kullewa da buɗewa a motocin da ke amfani da rimot.

Sakatar tana kamawa ne a mataki biyu, shi ya sa idan aka tura ƙofa a hankali ake jin ƙara sau biyu. Wannan tsari na cikin ƙa'idar kiyaye lafiyar fasinja mai lamba 206 ta ƙasar Amurka, wadda ta fara aiki a shekarar 1968. Manufar ita ce idan matakin farko ya saki, na biyu ya riƙe ƙofar.

Idan makulli ya ƙi shiga ko juyawa

Abu na farko shi ne a guji murɗa makulli da ƙarfi. Yawancin makullan mota da ƙarfe mai taushi ake yin su, kuma idan ya karye a cikin rami, aikin ya koma na cire ramin gaba ɗaya. Garin gyaran gira sai a rasa ido.

A gwada ɗaya ƙofar ta gaba idan tana da rami, ko a gwada makullin ajiya. Idan na ajiyar ya buɗe, to tsohon ne haƙoransa suka cinye, sai a kai wa mai yankan makulli.

Idan duka biyun sun ƙi, to ƙura ce a cikin ramin. Iskar famfon masu faci tana fitar da ita idan aka hura a hankali. Bayan nan sai a goga bakin fensir a jikin makullin ta kowane ɓangare, a riƙa sa shi ana zarewa, ana ɗan motsa shi dama da hagu.

Bakin fensir yana ɗauke da sinadarin girafait, wanda ke sa ƙarfe santsi ba tare da danƙo ba, don haka ƙura ba ta manne masa. Ana kuma sayar da garinsa musamman domin makullai. Sai dai ba a haɗa shi da mai, domin idan suka gauraya sukan dunƙule su toshe ramin.

Matsalar ta fi yawa a motocin da ake buɗewa da rimot, saboda ramin kan shekara ba a sa masa makulli ba. Ranar da batir ya mutu aka koma kansa, sai a tarar ya riga ya cije. Yana da kyau a riƙa buɗe ƙofa da makulli ko da sau ɗaya ne a wata.

Idan makulli ya juya amma ƙofa ba ta buɗu ba

A nan laifin na cikin ƙofar ne. Idan an ja hannun waje aka ji shi sakwaf ba nauyi, to sandar da ke haɗa shi da sakata ta fita, ko maƙalinta na roba ya karye, abin da sanyi da tsufa ke jawowa. Idan kuma an ji nauyi amma ba ta saki ba, to giris ne ya daskare.

Sai a shiga ta wata ƙofar a gwada hannun ciki. Yakan taimaka idan mutum ɗaya ya danna ƙofar daga waje yayin da wani ke jan hannun, domin dannawar na rage nauyin da ke kan ƙugiyar.

Idan ƙofar baya ce take buɗuwa ta waje amma ba ta buɗuwa ta ciki, a duba ɗan maɓallin kare yara da ke gefenta. Sau da yawa hannun mai wanke mota ne ya taɓa shi ba da sani ba.

Idan rimot ne ya daina aiki, a fara da ɗan batirin da ke cikinsa, wanda galibi mai ƙarfin bolt 3 ne. Sanyi kuma na rage ƙarfin babban batirin mota, musamman wanda ya tsufa. Idan kuwa ƙofa ɗaya ce kawai ba ta amsawa, sauran na aiki, to ɗan injinta ne ko wayarsa, aikin mai wayarin ke nan. Akasarin rimot ɗin zamani na da siririn makulli ɓoye a cikinsu domin irin wannan rana.

Idan ƙofa ta ƙi rufuwa

Wannan ita ce mafi haɗari, kuma ita ce aka fi yi wa gyaran ganganci. Yawan buga ƙofa da ƙarfi yana lanƙwasa sassan sakata, ya kuma sassauta hinji.

A duba gefen ƙofar. Idan ƙugiyar ta riga ta juya ta rufe bakinta alhali ƙofa na buɗe, ba yadda za a yi ta cafki sandar ginshiƙi. Sai a ja hannun ƙofa a riƙe, a sa sukurudireba a mayar da ƙugiyar.

Idan kuma bakin a buɗe yake amma ba ya riƙewa, to harshen da ke tokare ta ne ya maƙale. Ana gane haka idan aka tura ƙugiyar da jikin sukurudireba: lafiyayyar sakata za ta yi ƙara sau biyu, ta kuma ƙi dawowa sai an ja hannu.

Akwai kuma ƙofar da ta sunkuya saboda hinji ya ci, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin motocin haya, ciki har da Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar PAN ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Lodin da ya wuce kima da lilon da yaran mota ke yi a jikin ƙofa na ƙara ta'azzara abin. Idan an ɗaga ƙarshen ƙofar aka ji tana wasa, to gyaran na mai gyaran jikin mota ne.

A bas-bas masu ƙofar ja irin su Toyota Hiace kuwa, yashi ne ke taruwa a kwarin da ƙananan tayoyin ƙofar ke bi. Sharewa da buroshi na gaba da zuba mai.

Ɗaure ƙofa da igiya ko tsumma, ko sa fasinja ya riƙe ta da hannu, ba gyara ba ne. A kwana ɗaya ko rami ɗaya igiyar na iya saki, idan kuma aka yi haɗari ita ce za ta tsare mutane a ciki. Tabbatar da lafiyar abin hawa na cikin ayyukan hukumar kiyaye haɗura ta Najeriya, FRSC, wadda aka kafa a 1988.

Man da ya dace da wanda bai dace ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara mai a kan datti. Matakin farko shi ne wanke tsohon giris da ɗan kananzir da buroshi, ko da maganin feshi irin su WD-40, a goge, a bari ya bushe. Shi wannan magani, da aka ƙirƙiro a birnin San Diego na Amurka a 1953, an yi shi ne domin korar danshi da hana tsatsa. Yana sassauta abin da ya cije, amma santsinsa ba ya daɗewa.

Bayan wankewa sai a shafa wa sakata da hinji farin giris kaɗan, a goge wanda ya fito waje. Ramin makulli girafait yake so. Robar bakin ƙofa kuma man silikon ake shafa mata.

Baƙin man da aka juye daga inji yana jawo ƙura, yana kuma kumbura roba. Man birki yana cinye fenti. Man gyaɗa da manja kan yi danƙo bayan 'yan makonni. Basilin, wanda kusan kowane gida ke da shi a lokacin hunturu, yana lalata irin robar da ake sa wa ƙofofin mota idan aka daɗe ana shafa shi.

Wanke sakata da fetur kuwa haɗari ne, musamman a tashoshin mota inda ake hura wuta ana jin ɗumi da asuba.

Inda ƙanƙara ke daskarewa

Da yawa daga cikin motocin da ke bin hanyoyin karkarar Kano na hannu ne, waɗanda ake kira Beljiyam ko Kwatano, kuma sun shafe shekaru a ƙasashen da ake zuba gishiri a kan titi domin narkar da ƙanƙara. Gishirin na hanzarta tsatsa, saboda haka wasu kan iso da sakatar da ta riga ta fara ci.

Akwai kuma ɗalibai da ma'aikata 'yan ƙasar Hausa da ke zaune a Birtaniya da Jamus da Kanada da Amurka da Rasha, waɗanda ke karo da ainihin daskarewar. Ko a Nijar ma, a tsaunukan Ayar da yankin Bilma, sanyin dare kan kai matakin daskarar da ruwa a wasu lokutan.

Ruwan sama ko na wankin mota ko dusar ƙanƙarar da ta narke da rana kan gangara ta bakin gilashi zuwa cikin ƙofa. Da dare sai ya daskare, kuma idan ruwa ya zama ƙanƙara girmansa na ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin 100. Wurare uku yake kamawa: ramin makulli, da sakata da wayarta, da kuma robar bakin ƙofa wadda ke mannewa da jikin mota.

Idan roba ce ta manne, ana danna ƙofar ciki da tafin hannu sau da dama domin ƙanƙarar ta fashe. Fizgar hannu na iya karya shi ko ya yage robar.

Idan ramin makulli ne, ana fesa maganin narkar da ƙanƙara, wanda aka yi da sifirit, domin shi sifirit ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 90 ƙasa da sifiri. Man tsabtace hannu da ya yaɗu lokacin annobar korona a 2020 shi ma yana aiki idan aka shafa shi a jikin makulli. A aljihu ko a gida ake ajiye maganin, domin wanda aka bari a cikin motar da ta ƙi buɗuwa ba shi da amfani.

Ɗumama makulli da wuta dabara ce ta tsofaffin motoci. Makullan zamani na da kan roba da na'urar lantarki a ciki, waɗanda zafi ke lalatawa.

Tafasasshen ruwa na iya fasa gilashi, sannan ya gangara cikin ƙofa ya sake daskarewa. Idan an samu shiga ta wata ƙofar, kunna na'urar ɗumama mota na 'yan mintoci yakan saki sauran. Amma ba a barin inji na aiki a rufaffen gareji, saboda hayaƙin na ɗauke da iska mai guba da ba ta da wari, wadda ke kisa.

Cewa lamarin ba na wasa ba ne ya fito fili a watan Oktoban 2017, lokacin da kamfanin Ford ya buƙaci a mayar masa da motocin akori-kura kimanin miliyan 1 da dubu 300 a arewacin Amurka, samfurin F-150 da Super Duty. Kamfanin ya ce daskarewar sakata ko lanƙwashewar wayarta na iya sa ƙofa ta ƙi buɗuwa ko rufuwa, ko a ga kamar ta rufu alhali ba ta kama ba. Gyaran da aka yi ya haɗa da sanya kariyar da za ta hana ruwa isa ga sakatar.

Rigakafi

Lokacin da ya fi dacewa a duba ƙofofi a arewacin Najeriya shi ne watan Oktoba ko farkon Nuwamba, bayan ɗaukewar damina kuma kafin hazo ya sauka. A lokacin ne ake wanke sakata, a sa sabon giris, a sauya robar da ta tsage.

A ƙasan kowace ƙofa akwai ƙananan ramukan da ruwa ke fita. Ƙurar hunturu kan toshe su, idan damina ta zo kuma ruwa ya kwanta a cikin ƙofar ya haifar da tsatsa. Ana buɗe su da ɗan tsinke ko waya.

Rufe mota da tamfol da dare, ko ajiye ta a bayan katangar da ke tare iskar arewa maso gabas, yana rage ƙurar da ke shiga.

Motar da ta lalace aka jingine ta a ƙofar gida kuwa, wajibi ne a kulle ta a ɓoye makullin. A watan Disamban 2021 an tsinci gawarwakin yara takwas a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na jihar Legas, bayan da suka shiga suka kasa fita.

Idan an wanke sakata an sa mata giris amma har yanzu ba ta yin ƙara sau biyu, ko ƙofar na buɗuwa idan an tura ta daga ciki ba tare da jan hannu ba, to sauya ta ya kamata a yi. Ana samun sabuwa ko ta hannu a wuraren sayar da kayan gyaran mota irin su kasuwar Ƙofar Ruwa da ke birnin Kano, kuma ya fi kyau a tafi da tsohuwar domin a gwada, saboda ta dama da ta hagu, da ta gaba da ta baya, kowace da irin ƙirarta.